Faɗakar da 'Yan'uwa Muridai bisa Yunwa da Ladabin Karɓar Abincin Hukuma

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda yar raba arziki tsakanin bayinShi, yas sa ruwa sanadin tsiro, yas sa tsiro sanadin rayuwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, wanda yaɗ ɗaura dutse bisa cikinshi saboda yunwa ranar ginar Handaƙu, da alayenshi da sahabbanshi baki ɗaya. Allah shi yarda da shehinmu Sidi Abdulƙadir Jilani, da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanenshi Malam Abdullahi na Gwandu, da dukan waliyyai, shi amfane mu da albarkassu, amin.

Amma ba'du. Ku sani, ya 'yan'uwa, dalilin rubuta wagga takarda shi ne tambaya guda da tay yawaita gare ni daga muridai na Birnin Kabi da Argungu da ƙauyukan da ke bakin gulbi tsakaninsu. Suna cewa: "Shin muridi in ya tsaya cikin layi ya karɓi shinkafa ko gero da hukuma ke rabawa, ya ɓata tawakkalinshi? Mun ji shehunnai suna yabon yunwa da talauci, ƙaƙa za mu guje ma abin da sunka yaba?" Na amsa da baki har na gaji, sai nag ga gara in rubuta, domin wanda ke nesa shi samu, wanda yaj ji kunyar tambaya shi karanta cikin ɗakinshi. Na sanya shi fasali shida da rufewa. Ga Allah nike neman dacewa.

Fasali na farko, bisa rarrabe yunwa biyu

Ka sani, ya kai muridi, yunwa iri biyu ce. Ta farko ita ce yunwar zaɓi: mutum shina da abinci cikin rumbu, shi rage ci da gangan domin horon zuciya, domin barci shi ragu, sha'awa ta karye, zikiri shi yi daɗi. Ita ce shehunnai sunka yaba, Imamu Gazali ya yi dogon bayani bisanta cikin Ihya'u. Sharaɗinta ukku: ta zan da izinin shehi, kada ta hana farilla, kuma kada ta faɗa bisa cikin kowa sai naka.

Ta biyu ita ce yunwar rashi: rumbu wofi, murhu sanyi, ɗiya suna kuka, uwa ta aza tukunyar ruwa bisa wuta domin su ga hayaƙi su yi barci. Wagga jarrabawa ce. Ana haƙuri da ita, ana kuma neman fita daga gare ta. Ya tabbata cikin hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya kasance shina neman tsarin Allah daga yunwa, shina neman tsari daga talauci. Abin da Annabi yan nemi tsari daga gare shi, wane muridi ne za shi zamna cikinshi da ganganci shi kira shi maƙami?

Haka talauci. Talaucin da sufaye ke alfahari da shi shi ne bukatar zuciya zuwa ga Allah, ta san ba ta mallaki kome ba ko da gidanta cike shike da dami. Sarki shina iya samun wanga talauci, maroƙi shina iya rasa shi. Wanda yag gama biyun nan wuri guda ya ɓata, ya kuma ɓatar da iyalinshi.

Fasali na biyu, bisa cewa yunwa ba baƙuwa ba ce ga ƙasarmu

Jama'ar Shehu da kansu sun sha yunwa. Bayan hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a shekarar 1804, abinci ya ƙaranta gare su ƙwarai, har sunka tashi sunka koma Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara inda za su samu hatsi. Daga can ne anka fito yaƙin da Birnin Kabi taf faɗi cikin Muharram 1220, watau 1805, kana jama'a tas sauka Gwandu. Wannan tsohuwar gaba ce wadda Allah yak kashe wutarta tsakanin Kabawa da mutanen Shehu. Abin lura gare mu shi ne, wanda yaf fi mu tawakkali bai zamna wuri guda shi ce abinci shi sauko daga sama ba. Ya tashi da jama'arshi zuwa inda sababi yake.

Kakanninmu sun sa ma yunwoyi suna kamar yadda ake sa ma ɗa. Akwai Kakalaba ta 1914, wadda tak kashe mutane da yawa cikin ƙasar Hausa. Akwai ta 1927 da anka kira da sunan buhu. Akwai 'Yar Gusau ta 1942. Mu da kanmu mun ga farin 1973 lokacin da shanu sunka mutu bisa hanya, mun ga na 1984. Cikin irin waɗanga shekaru mutane sun ci bado daga fadama, da tafasa, da ƙwayar ƙarangiya, da anza da aka jiƙawa kwanaki kafin ɗacinta shi fita, har an tona gidan tururuwa domin hatsin da tat tara.

Zamaninmu kuwa ya zo da abin mamaki. A Birnin Kabi ne shugaban ƙasa Muhammadu Buhari yab buɗe shirin ba manoman shinkafa rance cikin Nuwamba 2015. A Argungu anka buɗe babban injin casar shinkafa a 2017. Motoci suna ɗaukar shinkafarmu har Legas. Duk da haka, bayan da anka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na taki da na man injin ban ruwa sunka hau, har lissafin hukuma yan nuna tsadar abinci cikin Yuni 2024 ta haura kashi 40 cikin 100 bisa ta bara. Sai ga manomin da yan noma shinkafa ba shi iya sayen mudunta tsakiyar damina.

Fasali na ukku, bisa abin da yas same ni

Ba ni son faɗin labarin kaina, amma aibin da nab bayyana ya fi amfani gare ku bisa wa'azin da naƙ ƙawata.

Cikin daminar 2020 gulbi ya cika ya batse. Gwamnatin jiha ta ce ruwa ya ci shinkafa fiye da hekta 450,000 cikin Kabi. Gonata tana cikinsu. Shinkafa ta fid da kai, saura kaɗan a yanke, kuma akwai bashin taki bisa wuyana. Na shiga jirgi anka tuƙa ni bisa gonata, ban ga kome ba sai ruwa da kawunan itace. Nac ce daga Allah muke, na koma gida.

Da anka fara rubuta sunayen waɗanda ambaliya tas shafa, mai unguwa yaz zo zaurena da takarda. Nac ce mashi: "Ka wuce ni, ni na dogara ga Allah." Yay yi shiru yat tafi. Almajirai sunka ji, sunka yi ta yabona, ni kuwa yabon ya yi mini daɗi. Cikin gida ana dafa tafasa da ɗan ƙuliƙuli, wata rana dusa. Autata, yarinya 'yar shekara biyu, gashinta yaf fara ja, ƙafafunta sunka kumbura. Uwatta tac ce mini: "Malam, yarinyar ga ba lafiya." Nac ce a yi mata rubutu.

Sai nat tafi gaida shehina, Allah shi gafarta mashi, tsoho ne ƙwarai a lokacin. Labari ya riga ni zuwa. Bayan gaisuwa yac ce: "Ɗana, in tambaye ka, ka gaya mini gaskiya. Da an kawo maka buhun nan tsakad dare, an aje bakin zaure ba wanda yag gani, ka ɗauka?" Nay yi shiru, sa'an nan nac ce: "Allah shi gafarta Malam, na ɗauka." Yac ce: "To ashe abincin bai dame ka ba, idon mutane yad dame ka. Wanga da kake kira tawakkali rawaninka ne kake tsaro. Kuma bisa cikin wa kake yin zuhudunka? Kai ka zaɓi yunwa, yarinya ba ta zaɓa ba. Ciyar da ita farilla ce bisanka, ƙin karɓarka ko nafila bai kai ba."

Yac ce in tafi da ƙafata in roƙi mai unguwa shi rubuta ni, in tsaya cikin layi da rana tsaka, tasbaha cikin aljihu, kada in aiki almajiri. Na yi. Na tsaya tsakanin wata gwauruwa da wani masunci tun hantsi har azahar. Wani yaron da nak koya ma alif da ba yag gan ni, yas sunkuyad da kai, ni ma nas sunkuyar. Abin da anka ba ni bai kai gidana mako ukku ba. Amma na rantse da Allah, abin da yak karye cikin zuciyata ranan nan, halwar kwana arba'in ba ta karya shi ba. Yarinya kuwa anka kai ta asibiti, anka ce tamowa ce, anka ba ta abincin nan na gyaɗa da ke cikin 'yan ƙunshi, Allah yab ba ta lafiya. Da na ƙara jinkirin wata guda, da na gamu da Ubangijina da alhakin rai, ina zaton ni waliyyi ne.

Fasali na huɗu, bisa hukuncin karɓa

Ka sani masu karɓa ukku ne. Wanda ke tsoron halaka ko cuta bisa kanshi ko iyalinshi, karɓa wajibi ce gare shi, in ya ƙi ya yi saɓo. Wanda ke da bukata ba ta kai larura ba, halal ce gare shi, in ya bar ma wanda yaf fi shi bukata ya samu lada. Wanda ke da wadata kuwa, haramun ne shi sa hannu ga abin da anka keɓe ma mabukata, ko da shi malami ne, ko ɗan sarki.

Dalili shi ne, dukiyar hukuma dukiyar jama'a ce, talaka shina da haƙƙi cikinta. Annabi Yusufu, aminci shi tabbata gare shi, ya tara hatsi shekarun wadata cikin rumbunan Masar, ɗiyan Annabi Yaƙubu sunka zo awo gare shi, ba a aibata su ba. Mutanen Suffa sun zamna cikin masallacin Madina suna cin abin da anka kawo, cikinsu akwai Abu Huraira wanda yunwa ke kayarwa. Shekara ta 18 bayan hijira, wadda anka kira Shekarar Toka, Sayyidina Umaru ya rubuta ma Amru ɗan Asi da sauran gwamnoni su aiko da abinci, anka girka tukwane, anka ciyad da dubban mutanen ƙauye da sunka taru gefen Madina, shi kuwa ya hana ma kanshi nama da man shanu har jikinshi yac canza. Kuma ya inganta cewa Annabi ya hori Umaru shi karɓi abin da yaz zo mashi ba da roƙo ko kwaɗayi ba.

In kac ce: dukiyar masu mulki ta gauraya da haram. Sai in ce: mabukaci shina cin haƙƙinshi, alhakin tarawa shina bisa wanda yat tara, muddin ba ka san wanga buhu da kanshi ƙwace shi anka yi daga wane ba. In ka san na sata ne, ko na rabo ne anka karkatar zuwa kasuwa, kada ka saya kada ka ci. In kac ce: wani lokaci mai bayarwa ba Musulmi ba ne. Sai in ce: Annabi ya karɓi kyautar Muƙauƙisu mai mulkin Masar. Allah ne mafi sani.

Fasali na biyar, bisa ladubban mai karɓa, su bakwai ne

Na farko, ka ga Mai bayarwa na gaskiya. Hannun ma'aikaci ludayi ne kawai. Ka gode mashi da kyakkyawar magana, kada ka yi mashi kirari, kada ka zage shi in an rasa.

Na biyu, gaskiya wurin rubuta suna. Kada ka rubuta kanka unguwa biyu, kada ka ƙara yawan ɗiya, kada ka bar sunan mamaci cikin takarda. Kowane mudu da kaƙ ƙara da ƙarya daga tukunyar wani maraya yaf fito. Wuridin da anka ja da cikin da yac ci wanga, ina haskenshi?

Na ukku, natsuwa wurin rabo. Cikin Disamba 2024 yara 35 sun mutu cikin turmutsitsi a Ibadan, mutum 22 a Okija, 10 a Abuja, duk wurin rabon abinci da kyauta. Cikin Maris 2024 mata sun mutu haka a Bauci wurin rabon zakka. Muridi shi tsaya kamar yadda shike tsayuwa cikin sahu, shi gabatad da tsoho da mai ciki da makaho. Rabonka ba shi wuce ka, amma ran da kat take ba shi dawowa.

Na huɗu, kada ka sai da addininka ko shaidarka. In an ce sai ka rantse za ka jefa ma wane ƙuri'a, ka sani ƙuri'a shaida ce. Haƙƙinka ka karɓa, shaidarka ka riƙe.

Na biyar, kada ka ɗauka da ƙarfi. Cikin Oktoba 2020 mutane sun fasa ɗakunan ajiyar abincin tallafi a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa. Wanda yaj jinkirta abincin mabukata da zalunci shina da hisabinshi. Amma ranar wawaso mai ƙarfi ke tafiya da buhu biyu, gwauruwa ta koma hannu wofi. Sayyidina Umaru ya ɗage yanke hannu Shekarar Toka domin jin ƙai, bai halatta sata ba. Ka nemi haƙƙinka da magana, gaban mai unguwa da hakimi da duk wanda ke da iko, kada ka gaji.

Na shida, ka raba. Annabi ya yabi Ash'ariyawa domin in abincinsu ya ƙaranta suna tara abin da yar rage cikin mayafi guda su raba daidai. Maƙwabcin da sunanshi bai fito ba, ka auna mashi ko da kwano guda.

Na bakwai, kada zuciyarka ta zamna bakin ƙofar hukuma. Buhun tallafi gada ce ta ƙetare ruwa, ba a gina ɗaki bisa gada. Ku yi lissafi: cikin Fabrairu 2024 gwamnatin tarayya ta ce a fid da hatsi tan 42,000 daga rumbunanta. Wannan buhu 840,000 ne masu kilo 50. In an raba ma mutanen Najeriya, da sun haura miliyan 200, kowa ba shi samun rubu'in kilo. Wanda yad dogara ga wanga ya dogara ga inuwar gajimare. In ruwa ya janye ka koma fadama noman rani, ko su, ko saƙa, ko dako. Annabi ya sa wani mutumin Madina da yaz zo roƙo shi sayi gatari shi shiga saran itace. An ruwaito Shehu Usmanu shina tufka igiya shina ci daga kuɗinta.

Fasali na shida, bisa mai rabo da mai wadata

Ya kai wanda anka ba takardar suna ko mabuɗin ɗakin ajiya, amana ce anka rataya ma wuyanka. Kada ka fara da danginka, ko 'yan ɗariƙarka, ko 'yan jam'iyyarka. Yunwa ba ta tambayar wuridin mutum. Kada ka ɗauki hoton fuskar mai karɓa ka watsa, domin ka ba shi mudu ka karɓe mashi sutura.

Ya kai wanda gonarshi tat tsira, ka fid da zakka. Nisabin hatsi sa'i 300 ne. Abin da ruwan sama ko gulbi yas shayar, ɗaya cikin goma. Abin da kash shayar da inji ko guga, ɗaya cikin ashirin. Kada ka ɓoye hatsi kana jiran damina ta tsananta. Kada ka ba ɗan'uwanka buhu ɗaya shi biya biyu ga kaka, riba ce tsantsa ko da ka canza mata suna.

Ina kuma horon kowace zawiya tamu ta gina rumbu guda. Ga kaka kowane muridi shi kawo dami ko mudu gwargwadon hali, mutum biyu amintattu su riƙe lissafi, a buɗe cikin Yuli da Agusta lokacin da tsohon hatsi yaƙ ƙare sabo bai nuna ba. Muƙaddami shi san gidan da ba a hura wuta ba, a kai musu cikin dare. Shi duba ɗiyan muridai kamar yadda shike duba wuridinsu. Yaron da yar rame, ko yak kumbura, ko gashinshi yay yi ja, a yi mashi addu'a kuma a kai shi asibiti ranan nan. Shehinmu Sidi Abdulƙadir ya sha yunwa a Bagadaza zamanin neman ilminshi, har shina tsintar ganye bakin kogi, da Allah yab buɗa mashi sai anka san shi da ciyad da baƙi da matalauta. Wanda ke kiran sunanshi cikin bege shi bi shi ga akushi.

Rufewa

Ya kai ɗan'uwa da ke karanta wagga takarda ciki wofi, kada ka yi zaton Allah ya mance da kai, kada ka yi zaton tsayuwa cikin layi ta rage ka wurinShi. Ka tashi ka rubuta sunanka da gaskiya, ka karɓa da godiya, ka raba da maƙwabci, ka koma ga aikinka.

Ya Allah, Ka shayad da mu ruwa mai albarka, Ka tsare mu daga fari da ambaliya da tsada. Ka cika rumbunan Kabi da na dukan Musulmi. Ka jiƙan waɗanda yunwa tak kashe da waɗanda ruwa yac ci. Ka shiryi masu mulkinmu su ji tsoronKa cikin haƙƙin talakawa. Ka wadata mu da halal ɗinKa, Ka sa bukatarmu ta zan gare Ka Kai kaɗai.

Takarda ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonShi. Wanda yag ga kuskure shi gyara, wanda yas samu amfani shi karanta ma wanda bai iya karatu ba, shi sa marubucinta da shehinshi da iyayenshi cikin addu'a. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayenshi da sahabbanshi. Amin.